Alhaji Sikeli Da Akwatin Wifi Mai Ƙaho Huɗu

Duk wanda ya taɓa miƙa wa kakana wani abu ya san abin da ke biyo baya. Ba ya fara cewa ya gode. Sai ya ɗora abin a tafin hannunsa na dama, ya ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa, ya karkatar da kai gefe kamar mai sauraron kiran sallah daga wata unguwa. Sannan ya yanke hukunci. Burodi ne, agogo ne, takalmin sallah ne, duk haka yake musu. Shi ya sa a nan Abidjan, tun daga Treichville har abatuwar Port-Bouët, ba mai ce masa Alhaji Ɗanladi. Alhaji Sikeli kawai.

Mama ce ta ce in rubuta wannan a karanta wa dangi ranar sadaka, don ta san ko me za a yi mini ba zan iya miƙewa in yi magana a gaban jama'a ba. To ga shi.

Ni ma ban tsira ba. Mama ta ce ranar sunana da aka miƙa masa ni, kafin ya tofa mini addu'a sai da ya ɗaga ni ya sauke, ya ce, "Wannan ba nama, amma akwai ƙashi. A bar ta, za ta yi." Da na girma ya ga ba na surutu, ya laƙaba mini Hajiya Shiru, kuma har ya bar duniya ban taɓa jin ya kira ni Bilkisu ba.

Rayuwarsa duk a fataucin shanu da raguna ta ƙare, kuma dokarsa biyu ce. Ba ya sayen abin da bai ɗaga ba, ba ya sayen abin da bai ga tafiyarsa ba. "Sake shi ya yi tafiya in gani!" Wa bai san wannan ba a cikinku? Tonton Musa, mijin Anti Rabi, na san yana nan yana ji, ya yi haƙuri. Ranar da ya zo gaisuwar neman aure, da babbar riga da turare, bayan sun gama gaisawa Alhaji ya ce masa, "Yaro, ɗauko mini butar can bakin ƙofa." Akwai buta a gefen ƙafarsa, cike da ruwa. Tonton ya tashi ya ratsa tsakar gida, Alhaji ya bi shi da ido. Da ya fita, Mama ta tambaye shi yaya ya gani.

"Ƙafar hagu tana ɗan ja," in ji shi. "Amma ba ya waige-waige. A ba shi."

Mutum ɗaya ce a duniya Alhaji bai taɓa yanke wa hukunci ba, yayarsa Hajjo, wadda ke wani ƙauye kusa da Malumfashi. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tun da gwiwoyinsa suka ƙi, bai sake zuwa gida ba, ita kuma ba ta taɓa ganin teku ba. Sai waya. Da aka ce masa yanzu ana iya kira a ga fuska, ya sa Kawu Lawal, ƙanen Mama, ya aika wa jikarta babbar waya. Amma intanet ɗin gidanmu ya ƙi ba shi haɗin kai. Ana cikin gaisuwa sai fuskar Yaya Hajjo ta daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, muryar kuma ta tsinke. Na lura duk lokacin da haka ta faru yakan kife wayar a kan cinyarsa da sauri, ya kau da kai. Sau ɗaya na ji ya ce a hankali, "Ba na son ganinta haka." Daga baya ya daina kiran hoton gaba ɗaya.

Sai labari ya zo cewa jikinta ya yi tsanani. Kawu Lawal, da yake yana aiki a wajen tashar jiragen ruwa kuma ya san waɗannan abubuwa, ya sa aka jawo mana igiyar intanet mai sauri, wadda ake kira fibir. Ma'aikata suka zo suka huda bango, suka manna wani ɗan farin akwati a falo, kusa da ƙofar titi. A falo kam, abin sai wanda ya gani. Amma kun san gidanmu, dogo ne kamar jirgin ƙasa, bangonsa na tsohon siminti mai kauri, ɗakin Alhaji kuma can ƙurya yake bayan bishiyar mangwaro. Kafin wifi ya kai can ya mutu. Aka ce ya riƙa zuwa falo yana kira. Ya ce shi ba zai yi hira da yayarsa a gaban talabijin da 'yan kallon ƙwallo ba.

Ya dai zo ya duba akwatin. Ya sa aka sauko masa da shi, ya ɗora a tafi, ya ɗaga, ya sauke.

"Lawal!"

"Na'am, Baba."

"An cuce ka. Ba komai a ciki. Ko ƙaho ba shi da shi."

Kawu ya yi masa bayani cewa akwatin lafiyarsa lau, ƙarfinsa ne bai kai ƙarshen gida ba. Abin da ake yi shi ne a sayo wani, wanda masu shago ke kira ruta, a haɗa su da doguwar waya, a kafa shi a tsakiyar gida ya watsa ko'ina. Ya ce ran Asabar zai shiga kasuwar Adjamé ya sayo.

"Za ka sayo? Kai da ka taɓa sayo mini fanka mai tari?" Ya juyo gare ni. "Hajiya Shiru, ki shirya. Ke za ki riƙe waya. Idonki ya fi bakinki aiki."

Haka ran Asabar da hantsi muka shiga tasi mu uku, muka haye gada. Alhaji ya sa rigar da yake zuwa kasuwar shanu da ita, mai launin toka, ya ɗauki sandarsa. Duk wanda ya san wajen masu kayan waya a Adjamé ya san mutum ba ya jin maganar kansa a can. Ko'ina kiɗa, ko'ina samari na jan hannun riga suna cewa a zo a gani. Ni dai na riƙe gefen rigar Alhaji, ina kallon ƙasa. Ya wuce shaguna da yawa ko kallo bai yi musu ba, ya tsaya a gaban na wani saurayi Bajule mai suna Bakari. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce Bakari kaɗai ne bai kira shi ba.

Suka gaisa da Julanci, wanda Alhaji ya iya fiye da Faransanci nesa ba kusa ba. Bakari ya jero akwatuna a kan tebur. Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa. Wani siriri mai sheƙi ya ture shi gefe. Wani zagayayye ya ce wannan ai faifan tuwo ne. Can ya hango wani baƙi, ƙato, a saman kanta, ƙura ta rufe shi. Aka sauko da shi. Ya ɗaga, fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Ga kaya."

Kawu ya dafe kai. Bakari ya yi dariya ya ce, "Ladji, wannan tsoho ne. Ya girmi ƙanwata."

"Ni ma tsoho ne. Me aka yi?"

Bakari bai yi musu ba. Ya juya bayan akwatin, ya nuna masa jerin ramukan da ake cusa waya. Ya ce fibir ɗin gidanmu tana kawo abinci da yawa, amma maƙogwaron wannan tsohon ƙanƙane ne, kaɗan zai riƙa haɗiya, sauran ya tafi a banza. Alhaji ya sa tabarau, ya leƙa ramukan nan kamar yadda yake ɗage leɓen sa ya duba haƙora. Ya daɗe yana dubawa. Ban san abin da ya gani ba, don ni duk iri ɗaya suke a idona. Ya ajiye shi a hankali, har da ɗan shafa bayansa.

"Ya ci zamaninsa," ya ce. "Kawo matasa."

Aka rage biyu, wani fari mai ƙaho biyu, wato eriya, da wani baƙi mai ƙaho huɗu, duka sababbi, duka masu faɗin maƙogwaro in ji Bakari. Kawu ya fara karanta rubutun jikin kwali, yana lissafa wasu lambobi da haruffa. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Sake su su yi tafiya in gani."

Bakari ya dubi Kawu. Kawu ya dubi sama.

"Ladji, ba su da ƙafa."

"Ba ka ce suna zuwa ƙarshen gida ba? To da me suke zuwa? Kunna."

Aka kunna farin. Kawu ya haɗa wayata da shi, ya nuna mini ɗan hoton nan mai kama da mafici a saman fuskar waya, ya ce in layukansa sun cika yana da ƙarfi, in sun ɓace ya mutu. Alhaji ya ce Kawu ya zauna a shago kada a musanya. Ya dogara sandarsa, muka kama hanya cikin kasuwa, shi a gaba, ni a baya da waya a hannu kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Yana nan?"

"Yana nan, Alhaji."

Muka wuce mai gyaran waya, muka wuce mai sayar da batir.

"Yanzu fa?"

"Ya fara ramewa."

Daidai wajen wata mata mai sayar da rigunan waya layukan suka ɓace. Alhaji ya ja layi a ƙasa da sandarsa, matar na kallonsa, muka koma. Aka kunna baƙin. Wannan karon ba mu kaɗai muka fita ba, samarin layin sun ji labari sun biyo mu, suna ta ihu da dariya, "Vié père yana kiwon wifi!" wato tsoho. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka iso layin da ya ja, na ce yana nan. Muka wuce. Muka sha kwana. Sai da muka kai wajen mai garba, abincin nan na rogo da soyayyen kifi, sannan layin ƙarshe ya yi rawa ya tafi. Samarin suka tafa kamar an ci ƙwallo. Alhaji ko murmushi bai yi ba. Ya juyo ya ce mini, "Kin gani? Ƙaho ba ƙawa ba ne." Ya saya mini garba, muka koma aka yi ciniki.

Da a ce labarin a nan ya ƙare, da Kawu Lawal bai yi furfurar da kuke gani ba.

Muna isa gida Kawu ya ɗauko tsani zai kafa akwatin a bangon baranda, tsakiyar gida. Alhaji ya ce wa ya aike shi? A ina aka taɓa kawo sabuwar dabba mai kyau a ɗaure ta a idon jama'a? Kowa ya shigo ya ce kai, wannan ƙaho! Bakin mutane kaɗai ya isa ya kwantar da shi. Ga kuma iskar ruwan Abidjan da ke cin ƙarfe. Ya sa aka ja doguwar wayar har ɗakinsa, aka shigar da ita ta wani rami a bayan kabad ɗinsa na ƙarfe, wanda yake ajiye fasfo da turare da rigunan sallah. Ya shimfiɗa tsohon rawani, ya zaunar da akwatin a kai, ya rufe, ya murɗa makulli.

"Baba, ƙarfe ne fa," in ji Kawu. "Ba zai…"

"Kai ka saya ko ni?"

Kawu ya naɗe tsaninsa.

Ga yadda kwanakin suka kasance. Alhaji zai buɗe kabad, ya duba fitilun akwatin suna ƙyaftawa, ya ce in duba waya. In ce layuka sun cika. Ya ce madalla, ya rufe, ya kulle, ya zauna a kan darduma, ya gyara hula, ya ce in kira. Kafin a ɗauka a can layukan sun zube. Fuskar Yaya Hajjo ta fito, ta ce "Ɗanla…", ta daskare. Ya kife wayar. Ranar farko ya ce gajiyar hanya ce, a bar shi ya huta. Rana ta biyu ya ce bai saba da gidan ba. Kawu ya sake gwada magana, aka ce masa mai fanka mai tari ba shi da ta cewa. Mama kuwa ta ce ita ba ruwanta da faɗan uba da ɗa.

Ran Alhamis jikar Yaya Hajjo ta turo saƙon murya cewa tsohuwa ta rage cin abinci, kuma kullum sai ta tambaya ko Ɗanladi fushi yake da ita, don ya kira ya kashe. Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya ce in sake kunnawa. Sannan ya miƙe, ya ɗauko rigar nan mai launin toka, ya ce yau ɗin nan sai Adjamé, wai yaron nan ya musanya masa akwati a cikin kwali, kuma sai ya tara masa jama'a.

Ni na san Bakari bai musanya komai ba. Akwai ɗan ƙwarzane a gindin ƙaho na hagu, na gan shi a shago, na gan shi a kabad. Kuma na ga abin da layukan ke yi duk lokacin da ƙofar ƙarfen nan ta motsa. Amma a gidanmu ba a taɓa jin jika ta gyara wa Alhaji magana ba, balle ni. Na tsaya a bakin ƙofa ina murza gefen mayafina. Abin da ya sa na yi magana shi ne na ga ya kasa sa maɓallin rigar.

"Alhaji."

Ya waigo, don bai saba jin na fara magana ba.

"A kasuwa… a sake yake."

"Me?"

"Kai ka ce a sake shi ya yi tafiya. Ya yi, har wajen mai garba. Yanzu ka kulle shi."

Na miƙa masa wayar. Na buɗe kabad, layuka suka cika. Na rufe, suka zube. Na buɗe, na rufe. Ya karɓi ƙofar da kansa ya yi ta gwadawa, yana duban waya yana duban akwati. Can ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya sosa kai.

"Inna lillahi," ya ce. "Na tsufa a cikin dabbobi, na zo na sa rago a kabad." Ya ɗaga murya. "Lawal! Ina ka kai tsanin nan? Kullum sai an ce ka yi abu!"

Kawu ya fito, ya dube ni, ya ɗauko tsani. Aka kafa akwatin a bangon baranda, can sama, daidai inda Kawu ya so tun farko. Amma Alhaji bai yarda an bar shi haka ba. Ya aika aka samo shuɗin fenti irin wanda ake shafa wa raguna, ya sa aka riƙe masa tsani, ya hau da gwiwoyin nan nasa muna ta salati, ya zana alamarsa a gefen akwatin, da'ira da ɗigo a tsakiya. Ya ce ko an yi masa baki, a san mai shi.

Ran Juma'a bayan la'asar ya yi wanka, ya sa farar riga, ya fesa turare kamar za ta ji ƙamshin. Muka zauna a ɗakinsa, ƙofa a buɗe. Na kira. Aka ɗauka.

Sai ga ta. Tana jingine da filo, ta yafa shuɗin mayafi, ana ganin zanen fuskarta layi-layi, har da wani ƙuda da ya sauka a kafaɗarta ta kore shi. Ba ta daskare ba. Ta motsa, ta ƙifta ido, ta matso da fuska.

"Ɗanladi? Kai ne ka zama haka?"

Alhaji ya matso da wayar. Ya daɗe yana kallonta, har na zaci shi ne ya daskare. Sannan ya gyara tabarau ya ce, "Yaya, buɗe baki in gani."

"Kai, tafi can! Ni saniya ce? Har yanzu ba ka bar wannan hali ba?"

"Buɗe dai."

Ta buɗe. Saura 'yan na gaba, su ma sun karkace.

"Kai!" in ji shi. "Wannan ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

"To buɗe naka, marar kunya."

Ya washe nasa farare tas, waɗanda likita ya sa masa a nan Treichville.

"Na aro ne!" ta ce. "Wallahi na aro ne! Ni na ga fitowar naka na gaskiya, ba haka suke ba!"

Ta yi dariya har da tari, shi ma ya yi har hawaye, Mama da Kawu suka leƙo ta taga. Suka yi hira har aka kira magariba, ta mutanen da ban taɓa ji ba, da wata rijiya, da wata akuya da ya ɓatar yana yaro wadda har yau ba ta yafe masa ba. Ya sa ta yi masa alkawarin za ta sha kunu a gabansa gobe, kuma ta sha.

Da aka kashe, bai miƙo mini wayar ba. Ya ɗora ta a tafin hannunsa na dama, ya ɗaga, ya sauke, ya karkatar da kai. Ya ce, ba da ni yake ba, "Ba nauyi. Yaya ta yi sauƙi."

Daga ranar kullum bayan la'asar sai sun yi hira, har Allah ya karɓi abarsa wajen ƙarshen damina. Ya ga fuskarta ana gobe za ta rasu, ta yi masa faɗa a kan ya rage shan shayi. Shi ma bai daɗe a bayanta ba. A kwanakinsa na ƙarshe, in na dawo daga makaranta nakan zauna kusa da shi, ba na cewa komai, shi ma ba ya cewa. Wata rana ya kama hannuna ya ɗora a tafinsa, ya ɗan ɗaga da sauran ƙarfin da ya rage masa. Ya ce, "Na faɗa musu akwai ƙashi."

Akwatin yana nan a baranda da shuɗin fentinsa, duk wanda ya shigo yau ya wuce ta ƙarƙashinsa. Bakari ma ya zo gaisuwa, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa.

Ya Allah, ga Alhaji Ɗanladi ya zo gare ka. Ya auna komai a duniya da tafin hannunsa, bai taɓa tauye wa kowa awo ba. Ranar da za ka ɗora ayyukansa a kan mizani, ka sa ɓangaren alherinsa ya yi nauyi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da Yaya Hajjo inda zai ga fuskarta ba tare da ta daskare ba. Amin.